Jajen Akuyar Tsohuwa

A shekarar 1984, lokacin da aka buɗe babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO da hukumar abinci ta duniya, maza da yawa na yankin ba sa gida. Fari ya kore su kudu, wasu Nijeriya, wasu har Abijan. Mata ne suka fi yawa a kan tuddai, suna haƙa ramuka a fako, suna ɗauko duwatsu a ka suna jerawa don tare ruwa, ana biyan su da abinci. Da aikin ya yi nisa har ya taɓa ƙasar Buza, an dasa itatuwa kimanin miliyan 18, an kuma maido da fiye da hekta 30,000 na ƙasar da aka riga aka fid da rai da ita. Wadda ta ɗauki dutse tana 'yar shekara 25 a wancan lokaci, yau ta haura 65. Labarin itatuwan ya zagaya duniya, amma ba a cika tambayar yadda masu dashen suke tsufa ba. Abu biyu nake so a duba a gidajensu, a Tamaske da Garhanga, a Karofan da Tama, a Bangi da Galma: turken da ke kusurwar tsakar gida, da fatar hannu da ƙafar mai gidan a tsakiyar hunturu. Mutuwar dabbar tsohuwa da bushewar fatarta ƙananan abubuwa ne a idon mutane, har ana jin kunyar kawo su a taro. A ganina tushensu ɗaya ne, wato raguwar masu zama kusa da tsoho, kuma wanda ya raina na farko ba zai lura da na biyu ba sai ya zama gyambo.

A tsarin da, tsoho ba ya kwana shi kaɗai. Da zarar an yaye yaro, ɗakin kaka ake kai shi, kuma wasan da ke tsakaninsu, tana ce wa namiji mijina, tana ce wa mace kishiyata, ya ɗauke kunyar da ke hana ɗa taɓa jikin uwarsa. Jika ce ke cuɗa bayan kaka, ita ke goge mata kaushi da dutse, ita ke tsefe mata kai, ita ke fara ganin inda fata ta tsage. Man da ake shafawa ma daga dabba yake fitowa. Matan Fulani da na Buzaye suna shigowa gari da ƙwaryar nono da curin man shanu, a musanya da hatsi ko dusa; wanda bai samu ba ya shafa man gyaɗa, mai hali kuma ya sayi man kaɗe da fatake suka kawo daga kudu, tunda kaɗanya ba itaciyar wannan yanki na Adar ba ce. Dabba tana cikin gida, ba a wani garke mai nisa ba. Akuya tana jin tarin mai ita da asuba, jaki ya san hanyar rijiya ko babu mai kora, dokin mai gari yana da mai yi masa ciyawa kamar ɗa. Ba ina cewa wancan zamani aljanna ba ne. A 1960 matsakaicin tsawon rai a Nijar bai kai shekara 40 ba, ƙyanda da agana suna kwasar yara, kuma kaɗan ne ke kaiwa ga furfura. Sai dai wanda ya kai yana tarar da hannaye da yawa a kewaye da shi, domin tsofaffi kaɗan ne, gida kuma cike yake.

Fatar tsoho ba ta yin haƙuri da rashin hannu. Da shekaru suka miƙa, saman fata yana yin siriri, kitsen da ke ƙarƙashinta yana raguwa, maiƙon da jiki ke fitarwa da kansa yana ja baya, jijiyoyin jini ƙanana suna yin rauni har ɗan bugu ya bar tabo. Raunin da zai warke wa saurayi cikin mako guda yana iya ɗaukar tsoho wata. Jin zafi da jin ƙishirwa duk suna dushewa, shi ya sa tsohuwa za ta kusanci garwashi har ƙwaurinta ya ƙone ba ta ankara ba, ta kuma wuni ba ta nemi ruwa ba. A ɗora wannan a kan yanayin Adar: daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas tana busowa da ƙura, laimar iska tana faɗuwa ƙasa ƙwarai, ana alwala da ruwan sanyi sau biyar iska tana busar da shi nan take, ana taka tsakuwa da silifa ko babu takalmi. Abin da ke biyo baya sananne ne. Jiki ya yi furu-furu, ƙaiƙayi ya hana barci, susa ta buɗe fata, faso ya tsaga dunduniya har jini. Masu saƙar tabarma a Madawa sun san busasshiyar kaba karyewa take yi, sai an jiƙa ta take lanƙwasuwa. Haka fatar tsoho, mai ya fi kama ta idan an shafa shi da zarar an fito wanka, tun jiki na da ɗanshi, domin aikinsa shi ne ya tsare ruwan da ke ciki kada ya fice. Wannan ilimi ba ya buƙatar likita. Abin da yake buƙata shi ne mutum na biyu, domin wadda kafaɗarta ta riƙe ba za ta kai hannu tsakiyar bayanta ba, wanda idonsa ya yi yana ba zai ga ƙayar da ta shige tafin ƙafarsa ba. Idan kuwa akwai ciwon suga, wannan 'yar ƙaya tana iya ƙarewa da yanke ƙafa. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, in ba a juya shi duk bayan kamar awa biyu ba, ƙugu da dunduniya da gindin baya su ke fara ja, sannan su buɗe.

Abin da ya raba tsoho da waɗannan hannaye bai zo rana ɗaya ba. Farin 1973 da na 1984, wanda mutane suka laƙaba wa El-Buhari, sun share shanun talakawa, kuma a gidaje da yawa saniya ba ta sake dawowa ba. Akuya da tunkiya suka maye gurbinta, man shanu ya koma kayan miyar mai kuɗi. Tafiya biɗa, wadda da ta cin rani ce, a tafi bayan girbi a dawo da faɗuwar ruwa, ta zama ta shekaru: Abijan, Legas, Kamaru, Libiya, Aljeriya. Jihar Tawa ta yi suna a wannan tun da daɗewa. Yara sun shiga lakkwal da makarantun allo na nesa, kuma daidai ne su shiga. Gandun da ke tara 'yan'uwa a tukunya ɗaya ya rarrabu, kowa da 'yar gonarsa. Yanzu kuɗi suna isowa ta Nita ko Al Izza cikin mintoci, murya tana isowa ta WhatsApp, har hoton jika ana gani. Duk wannan alheri ne, amma babu ko ɗaya a ciki da zai shafa wa mutum mai a baya. A irin wannan gida, abin da ya rage mai rai wanda ke buƙatar tsohuwa kullum, sau da yawa, akuyarta ce. Saboda ita take tashi da sassafe, ta fita neman harawa ko 'ya'yan gawo, ta haɗa ruwan dusa, ta tsaya bakin ƙofa da yamma tana jiran dawowar garke, inda za ta gaisa da sauran mata. Tana yi mata faɗa, tana yi mata magana. Nonon yana shiga fura, ɗan akuyar yana zama kuɗin magani ko na sabulu da mai. Tsohon da ke da jaki kuwa, jakin ne ƙafarsa zuwa kasuwar Tunfafi ko ta Tamaske, da shi yake ɗebo ruwa, da shi yake jin har yanzu yana da amfani a gidan.

Yadda dabbobi ke mutuwa ma ya sauya. Annobar shanu da ta addabi kakanni tun ƙarshen ƙarni na 19 an ci ƙarfinta da allurar rigakafi, aka kuma bayyana ƙarewarta a duniya a 2011. A madadinta sai ga leda. Akuyar da ke yawo a juji tana haɗiye ta, ta dunƙule a tumbi, dabbar ta yi ta ramewa cikinta na kumbura, mahauta kuma sun saba ciro ƙunshinta idan suka feɗe. Nijar ta yi dokar hana ledar a 2014, amma duk mai ido yana ganin ta rataye a ƙayoyin bakin gari. Jaki ya gamu da nasa bala'in: buƙatar fatarsa a ƙasar Sin ta sa a 2016 aka fitar da kimanin 80,000 daga Nijar cikin 'yan watanni, alhali a duk shekarar da ta gabata 27,000 ne, farashinsa ya ninka har gwamnati ta hana fitar da shi a wannan shekara. A farkon 2019 kuma wata murar dawaki da jakuna ta kashe dubun-dubatarsu a ƙasar. Tarayyar Afirka ba ta haramta yanka jaki don fatarsa ba sai a Fabrairun 2024. Ma'anar wannan ga tsoho ɗaya ce: in jakinsa ya faɗi, da wuya ya iya sayen wani.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke faruwa ranar da dabbar ta mutu. In akuya ce aka ga tana shure-shure, da gudu ake neman wuƙa kada ta zama mushe, kuma wannan hankali ne, babu mai cewa a bar nama ya lalace a gidan da ba a koshi ba. In jaki ne ko kare, a ɗaura masa igiya a ja shi bayan gari. Maganar da za a yi ta lissafi ce: nawa ta kai, tana da ciki ko babu, an sami yankawa ko ba a samu ba. Wanda ya yi kirki ya ce Allah ya mayar da alheri, ya wuce. Tsohuwar da ta shekara bakwai ko takwas da wannan dabba ba ta da bakin cewa tana kewarta, domin za a ce ta fara ruɗewa. Sai ta yi shiru. Washegari babu dalilin tashi da wuri, babu dalilin fita bakin ƙofa, furar babu nono sai ta sha kaɗan ta ture. Zama ya yi yawa, wanka ya yi nisa, mai ya ƙare ba a sayo ba tunda babu ɗan akuyar sayarwa. Wani masani ɗan Amurka, Kenneth Doka, ya yi rubutu a 1989 a kan irin baƙin cikin da jama'a ba su ba mai shi izinin nunawa ba, kuma masu bin sawunsa sun sa mutuwar dabbar gida a cikin misalansa, musamman ga tsofaffi masu zama su kaɗai. Ba mu buƙatar Ba'amurke ya gaya mana abin da ke cikin gidajenmu, amma yana da amfani a san cewa ba halin mutum ɗaya ba ne, kuma ba ruɗewa ba ce.

Na san abin da za a fara cewa. A ƙasar da ƙungiyar likitocin MSF ta shafe shekaru tun bayan yunwar 2005 tana jinyar yara masu tamowa da zazzaɓin cizon sauro a Madawa da Buza, wa ke da lokacin kukan akuya? Wannan ai damuwar Turawa ce, waɗanda suka ƙoshi har suna gina wa karnuka makabarta. Hujja ce mai nauyi, kuma idan zaɓi ne tsakanin ran yaro da zuciyar tsohuwa, babu mai jinkiri. Tsarin kula da lafiya kyauta na 2006 ya fara da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da mata masu ciki, kuma ya yi daidai. Sai dai babu wanda ya ce a zaɓa. Jaje ba ya cin kuɗin magani, kuma zama na rabin awa a ɗakin tsohuwa bai rage wa asibiti gado ko ɗaya ba. Bugu da ƙari, hujjar ta juya gaskiya. Baturen da karensa ya mutu ya rasa aboki. Tsohuwar Alakai da akuyarta ta mutu ta rasa abokiya da asusu da nono da dalilin motsa jiki, duk a lokaci guda. Talauci yana ƙara wa rashin nauyi. Kuma wannan kaka ita ce sau da yawa ke riƙe da yayayyen yaron da ake tsoron tamowarsa, yayin da uwarsa take gonar albasa a fadamar Tarka. In ta kwanta, an yi haihuwar guzuma. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da miliyan 1.3 a gundumomin Keita da Buza da Madawa. Ko kashi 3 cikin 100 kawai aka ɗauka a matsayin tsofaffi, ana maganar dubun-dubatar mutane, kuma yawansu ƙaruwa yake yi tunda tsawon rai ya haura shekara 60.

Wasu kuma ta fuskar addini za su zo, su ce dabba dukiya ce, baƙin ciki a kanta rashin tawakkali ne, kare kuwa ƙazanta ne. Abin da shari'a ta hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da furucin ƙin hukuncin Allah. Zafin zuciya da hawaye ba a hana su ba. Littattafan hadisi sun kawo daga Anas ɗan Malik cewa ƙanensa Abu Umair yana da wani ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, tsuntsun ya mutu, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga yaron cikin damuwa, ya tambayi dalili, sannan ya yi masa magana mai daɗi a kan tsuntsun. Bai ce masa tsuntsu ne kawai ba. Kowane almajiri ya san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da na wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare. A mazhabar Malikiyya da ƙasar nan ke bi, duk mai rai tsarkakakke ne a jikinsa, har kare, kuma an yarda a riƙe shi don tsaron dabbobi da gona da farauta. Buzayen Azawak ba su taɓa ɗaukar dogon karensu abin wulaƙanci ba, mafarautan Adar ma haka. Idan an halatta wa mutum ya zauna da dabba shekaru, an kuma wajabta masa ciyar da ita da tausaya mata, ba zai yiwu a ce ranar da ta mutu zuciyarsa ta zama dutse ba.

Hujja ta uku ita ce wadda na fi yarda da rabinta: cewa kasuwa ta kawo abin da ya fi na da. Gaskiya ne. Basilin ya fi man shanu tsare ɗanshin fata, ba ya wari, ba ya jan ƙuda, ana kuma samun sa a teburin kowane ƙauye da kuɗi kaɗan. Likitocin fata a ko'ina shi suke ba da shawara ga busasshiyar fata. Takalmin roba mai rufi ya rage faso, famfo ya kusanto da ruwa, akwai gidan likita a garuruwan da da sai wanzami. Amma kasuwar da ta kawo basilin ita ta kawo sabulai masu kaifi da ke wanke ɗan maiƙon da ya rage wa tsoho, har da garin wanki da wasu ke wanka da shi don rashi. Ita ta kawo kwalaben man bilicin, masu ɗauke da sinadaran da ke sirantar da fata, su buɗe ta ga ƙuraje da makero, su bar baƙin tabo a kumatu wanda ba ya fita. Kwaddibuwa ta hana su tun 2015, amma suna nan a kasuwanninmu, kuma matan da suka fara shafa su shekaru 20 da suka wuce yanzu suke shiga tsufa da fatar da ta riga ta gaji. Ita ta kawo 'yan bututun maganin ƙaiƙayi da mai talla ke miƙa wa kowa, waɗanda ke kwantar da susa yau su ƙara raunana fata gobe. Ko mafi kyawun mai, in yana kan taga a rufe babu mai buɗewa, bai yi aikin komai ba.

Abin da ya kamata a yi yana cikin al'adun yankin tun da. Jaje dai mun san shi, muna yin sa ga wanda aka yi wa sata ko gobara; abin da ya rage shi ne a yarda cewa faɗuwar dabbar tsoho ta cancanci a zauna, a bar shi ya faɗi shekarar da ya same ta da yawan 'ya'yan da ta haifa, ba tare da an katse shi da lissafi ba. Wanda ya zauna haka zai ga dunduniyar da ta tsage, zai ga kwalbar da ta ƙare. Fulani suna da habbanaye, inda ake ba wanda ya rasa garke aron uwar dabba, ta haihu a hannunsa ya riƙe 'ya'yan ya mayar da ita, kuma ayyukan raya karkara a Nijar sun daɗe suna kwaikwayonsa. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka faro daga Maraɗi a 1991 suka bazu har nan, suna da asusun taimako da zai iya ɗaukar irin wannan. Sai dai a bar wa tsohuwa zaɓi, domin wata za ta so turken ya ɗan huta kafin a ɗaure wata, wata kuma ƙarfin neman ciyawa ya ƙare mata, kaji sun fi mata. Mushen da ya faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci, kada a feɗe shi don ƙyashin fata, domin cutar saifa ta nan take kama mutum; a binne shi da zurfi, a sanar da ma'aikacin kiwo.

Saura tambaya mai wuya: hannun wa? Idan aka bar amsar yadda take, za ta faɗa a kan yarinyar da za a cire daga makaranta, ko surukar da aka bari da gona da yara da ɗiban ruwa, mijinta yana Tiripoli. Wannan zalunci ne sabo a madadin sakaci, kuma ban goyi bayansa ba. Matan Keita sun riga sun ɗauki rabonsu na nauyin da maza suka bari, tun suna da ƙarfi. Namijin da ya dawo damina yana iya yi wa mahaifinsa wanka ya yanke masa farce, babu aya ko al'adar da ta hana shi. Wanda ba zai dawo ba, ya ware cikin abin da yake aikowa ladan maƙwabciyar da za ta riƙa leƙawa safe da yamma, ya ambaci mai da sabulu mai laushi da takalmi da bakinsa idan ya kira waya, ya kuma tambayi lafiyar akuyar kamar yadda yake tambayar farashin buhun hatsi.